Ku Tambaya, Mu Amsa: Yadda Ake Gano Ragowar Maganin Ƙwari a Cikin Man Girki

Tun da sabuwar gyada ta shigo kasuwannin Maraɗi wasiƙu ke zuwa mana kan magana guda: maganin ƙwarin da ake zuba wa amfanin gona, ko yana bin gyada har cikin kwalbar mai, da yadda ake gano shi. Ga amsoshi daga masu aikin awon sinadarai da ke riƙe da wannan fili.

Daga wata mai matsar man gyada, Tibiri: Assalamu alaikum. Sana'ata matsar mai da suyar ƙuli-ƙuli. Wani sa'in in na kwance buhun gyadar da na auno a kasuwa sai warin fiya-fiya ya buge ni. Nakan shanya ta, in soya, warin ya ɓace. Shin in wari ya tafi maganin ma ya tafi? Akwai gwajin da zan iya yi a gida?

Wa alaikumus salam, Hajiya, Allah ya sa wa sana'a albarka. Ɓacewar wari ba ta tabbatar da ɓacewar magani. Sinadarin da ke cikin fiya-fiya sunansa dikulorbos, mai saurin bin iska ne, don haka shanya da suya suna rage shi ƙwarai, amma sai awo ne zai nuna nawa ya saura. Waɗanda suka fi damun mu su ne marasa tashi: hodar fermetirin da ake barbaɗa wa buhu, da kulorfirifos, da sifermetirin, da tsofaffin magunguna irin su lindan da DDT. Waɗannan ba sa narkewa a ruwa, a mai suke narkewa, ita kuwa ƙwayar gyada kusan rabinta mai ne. Idan kilo ɗaya na gyada yana ɗauke da miligiram 0.1 na irin wannan magani, kusan dukkansa cikin rabin kilon man nan zai taru, ya zama wajen miligiram 0.2 a kowane kilo na mai. Wato matsa tattara shi take yi. Man da ya maƙale cikin tunkuza kuma yana tafiya da nasa kason har cikin ƙuli-ƙuli.

Adadin da ake magana a kai ƙanƙani ne ƙwarai. Ga duk maganin da ba a ware wa iyaka ta musamman ba, Tarayyar Turai tana aiki da miligiram 0.01 a kilo. Tano mai lita 200 yana ɗaukar wajen kilo 180 na mai, ke nan abin da aka yarda da shi cikin tanon gaba ɗaya bai kai miligiram 2 ba, ƙasa da nauyin ƙwayar riɗi ɗaya. Hanci ko harshe ko launin mai ba za su nuna wannan ba. Dikulorbos ɗin nan shi ne ya sa a 2015 Turai ta dakatar da shigar busasshen wake daga Najeriya.

Akwai katin gwajin gaggawa da ake sayarwa a wasu ƙasashe, wanda ke canza launi idan magani ya daƙile wani sinadarin jijiya. Dangi biyu kawai yake gani, dangin fiya-fiya da na karbamat, sai kuma sun yi yawa. Ba ya ganin fermetirin ko DDT, maiƙo kuma yana ɓata shi. Ba ma ba ki shawarar dogaro da shi. Gyadar da ke warin magani kada ki saye ta. Ki fi son wadda ke cikin ɓawonta, ko ta manomin da kika san yadda yake ajiya. Kada kuma ki zuba mai cikin bidon da ba ki san abin da ya fara ɗauka ba, domin roba tana tsotse magani ta riƙa sakin sa cikin mai ko an wanke ta da omo.

Daga wani ɗalibin kimiyyar sinadarai, Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo: Malamai, na karanta hanyar QuEChERS kuma na ga tana tafiya daidai a kan tumatir. Da aka gwada ta a kan man gyada sai sakamako ya watse. Mene ne bambancin, kuma yaya ake bi da mai?

Ɗanmu, ka taɓo inda wahalar aikin take. A 2003 Michelangelo Anastassiades da Steven Lehotay da abokan aikinsu suka fitar da QuEChERS, wato hanyar gaggawa ta ciro ragowar magani daga abinci kafin a auna shi, kuma don kayan lambu da ƴaƴan itace masu ruwa da yawa aka tsara ta. A tumatir, magani yana barin ruwa ya koma cikin asetonitiril, ruwan sinadarin da ake ciro shi da shi, ba gardama. A mai kuwa maganin yana zaune ne inda ya fi so, sai an ƙwace shi, kuma duk ɗigon maiƙon da ya biyo shi zai je ya lalata na'ura. Saboda haka aikin kashi biyu ne: ciro magani, sannan korar maiƙo.

Ga tsarin da ake yawan bi. A girgiza samfurin sosai. In manja ne ya daskare da hunturu, a ɗumama shi cikin ruwa mai zafin digiri 40 har ya narke duka. A auna giram 3 kawai cikin bututun gwaji mai mililita 50, ba giram 10 da ake aunawa a tumatir ba. Wannan shi ne wuri na farko da ɗalibai ke zamewa. A zuba sinadarin shaida, galibi TPP, wanda ake bin sawunsa har ƙarshe don a san ko an yi asara a hanya. A ƙara ruwa mai tsabta mililita 7 da asetonitiril mililita 10, a girgiza da ƙarfi. Minti ɗaya da hannu shi ne mafi ƙaranci, kuma a mai ya fi kyau a ba injin girgiza minti 10 zuwa 15. Sannan a zuba giram 4 na busasshen gishirin magneziyom salfet da giram 1 na gishirin sodiyom kulorid, a rufe a girgiza nan take. In aka yi jinkiri gishirin zai dunƙule, ya ƙi shanye ruwa. Bututun zai yi ɗumi a hannu, alamar gishirin yana aiki ke nan. A sa shi a injin wulwulawa minti 5 a juyi 4000 a minti. Zai fito hawa uku: asetonitiril a sama, mai a tsakiya, ruwa da gishiri a ƙasa.

A ɗebi mililita 8 daga na saman ba tare da bakin bututun ɗiba ya taɓa mai ba, a sa a firiza mai sanyin digiri 20 ƙasa da sifiri ya kwana. Maiƙon da ya narke ciki zai daskare ya kwanta. A tsiyaye shi tun yana da sanyi, cikin hanzari, domin da ya huce kitsen zai sake narkewa, aikin daren ya tashi a banza. Inda wuta ke ɗaukewa, a ajiye ma'aunin sanyi cikin firizar a duba kafin a tsiyaye.

Sai tacewa ta ƙarshe. A zuba mililita 6 cikin ƙaramin bututu mai miligiram 900 na magneziyom salfet, da 150 na hodar PSA, da 150 na hodar C18. PSA tana kama asid ɗin mai da sukari, C18 tana kama ragowar kitse. A girgiza daƙiƙa 30, a sake wulwulawa. Da yake PSA tana rage tsamin ruwan, wasu magunguna irin su kulorotalonil suna fara lalacewa, shi ya sa ake ɗiga maikurolita 10 (kashi ɗaya cikin ɗari na mililita) na asid fomik mai ƙarfin kashi 5 cikin ɗari a kowace mililita.

Inda ake samun matsala a yanayinmu: magneziyom salfet da aka bari a buɗe da damina ya riga ya sha danshi, sai an gasa shi a digiri 500 na wasu awoyi kafin ya koma aiki. Da bazara, in ɗaki ba sanyi, asetonitiril yana ƙafewa da zarar an bar murfi a buɗe, sakamako ya hau ba dalili. Man gida da ya daɗe a ajiye yana da asid mai yawa har ya fi ƙarfin PSA, sai a ninka ta. Manja yana buƙatar ƴar hodar baƙin gawayin GCB don cire jan launinsa, amma ita wannan hoda tana riƙe magunguna masu shimfiɗaɗɗen gini irin su kulorotalonil da HCB, don haka kaɗan ake sawa. In kuma za a ƙafe ruwan don ƙara masa kauri, kada a bari ya bushe ƙarmas, dikulorbos zai bi iska.

Ko an yi komai daidai, DDT da aldirin da HCB ba sa fitowa duka, saboda tsananin son su da mai. Ga waɗannan ana maimaita cirowa sau biyu ko uku, ko a koma ga hanyar GPC, inda ake narkar da man cikin sikuloheksan da etil asetat rabi da rabi, a tura shi cikin dogon bututu mai ƙwayoyin roba. Manyan ƙwayoyin kitse su ke fara fita a zubar, ƙananan na magani su biyo baya a tara. Tana cin lokaci da sinadari, amma tana kawar da kitse sosai.

Kada ka yarda da hanyarka sai ka gwada ta. Ka samo man da aka tabbatar ba magani cikinsa, ka zuba masa sanannen adadi, miligiram 0.01 da kuma 0.1 a kilo, kowanne sau biyar. Abin da ka maido ya kasance tsakanin kashi 70 da 120 cikin ɗari, saɓanin da ke tsakanin maimaicin kada ya wuce kashi 20.

Daga wani ɗan kasuwa mai sarin mai, Babbar Kasuwar Maraɗi: Ina da tano goma sha biyu na man gyada, mai saye ya ce sai da takardar gwaji. Yaya zan ɗebi samfuri, ina kuma zan kai?

Alhaji, ɗibar samfuri ita ce rabin gwajin. In man daga hannu ɗaya ya fito, a rana ɗaya, kaya ɗaya ne. In daga mata daban-daban ka tara, kowane rukuni nasa samfurin daban, in ba haka ba tano ɗaya mai magani zai ɓuya cikin sauran, ko kuma ya shafa wa masu kyau. A motsa kowane tano, a ɗebo daga sama da tsakiya da ƙasa da abin ɗiba na baƙin ƙarfe marar tsatsa ko na gilashi, a haɗa, a gauraya, a cika kwalabe uku, kowace aƙalla rabin lita: ɗaya ta ɗakin gwaji, ɗaya taka, ɗaya ta mai saye ko ta ajiya don ranar gardama.

Kwalbar ta zama ta gilashi mai duhu, sabuwa ko wadda ɗakin gwajin ya ba ka. A shimfiɗa takardar alminiyom a bakinta kafin a ɗaura murfi. Gorar ruwa ta roba ba ta yi, tana sakin nata sinadaran cikin mai. A rubuta rana, irin man, asalinsa da lambar tano. A sa cikin kula da ƙanƙara, kada ta yi tafiyar Yamai a saman mota cikin rana.

LANSPEX da ke Yamai shi ne ɗakin gwaji na ƙasa mai duba ingancin magunguna, abinci da ruwa, can ya kamata ka fara tambaya. A yankinmu kuma CERES-Locustox da ke Dakar sananne ne a awon ragowar maganin ƙwari. Ko ina za ka kai, ka yi tambaya uku kafin ka biya: waɗanne magunguna ne cikin jerin da suke nema, mene ne mafi ƙanƙantar adadin da suke iya aunawa, kuma shin shaidar ƙwarewar ɗakin gwaji ta ISO 17025 da suke da ita ta haɗa da mai. Ka kuma sa mai saye ya rubuta maka iyakar da yake aiki da ita, ta Codex (ƙa'idar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya) ko ta Turai, domin sukan bambanta.

Daga wata ma'aikaciyar ɗakin gwaji, Maraɗi: Na'urar da na koyi aiki da ita GC ce, mai rarrabe sinadarai cikin iskar gas, da idon ganowa na ECD. Wani lokaci tsini, alamar an ga wani sinadari, yana fitowa a zanen sakamako daidai wurin lindan, har a bututun da ba a sa mai ba. Me ke kawo haka? Kuma ECD ta isa?

Malama, tsinin da ya fito a gwajin wofi daga ɗakin yake, ba daga mai ba. Babban wanda ake zargi shi ne ftalat, sinadarin da ke tausasa roba. Yana fitowa daga safar hannu, murfi, tiyo, har da gishirin da ba a gasa ba, kuma ECD tana ganinsa sarai. A ɗauraye kayan gilashi da aseton sannan da heksan, a raba samfuri da roba mai laushi. Na biyu shi ne datti a ƙofar allura. Kitsen da ya tsallake tacewa yana ƙonewa cikin ɗan bututun gilashin da ke ƙofar, ya riƙe magani daga samfurin jiya ya sake shi yau. A aikin mai ana canza wannan bututu da robar ƙofa akai-akai, in kuma tsini ya fara jan wutsiya a yanke santimita 30 zuwa 50 daga farkon dogon bututun rarrabewa, wanda galibi mita 30 ne, faɗin cikinsa milimita 0.25. Ki kuma kula da DDT: in ƙofa ta yi datti yana farfashewa ya koma DDE da DDD, sai a yi zaton tsohon magani ne.

ECD tana da kaifin gani ga duk abin da ke da kulorin, wato dangin DDT, lindan, andosulfan, da yawancin dangin sifermetirin. Rauninta shi ne lokacin fitowa kawai take nunawa, ba ta faɗin sunan abu. Abu biyu daban suna iya fitowa a daƙiƙa ɗaya. Don haka ba a rubuta "an samu lindan" sai an tabbatar a bututu na biyu mai wani hali daban, ko a na'urar MS mai auna nauyin gutsattsarin sinadari. A MS mai hawa biyu ana son lokacin fitowa ya dace da na ma'auni cikin minti 0.1, rabon gutsattsari biyu kuma kada ya kauce da fiye da kashi 30. Dangin fiya-fiya sun fi fitowa a idon FPD ko NPD. Asetamifirid da imidakulofirid da yawancin karbamat kuwa ba sa jure zafin GC, sai LC, na'urar da ke rarrabewa cikin ruwan sinadari, haɗe da MS.

Abu biyu kuma. Ki riƙa haɗa ruwan ma'auninki cikin tataccen ruwan man da ba shi da magani, ba cikin zallan sinadari ba, domin ragowar mai tana ƙara tsayin tsini a GC, tana kuma danne shi a LC. Sannan tsohuwar dabarar ƙone kitse da asid salfurik tana ba da zane mai tsabta ga DDT da lindan, amma tana lalata diyeldirin da endirin da yawancin sauran magunguna, sai a ce babu alhali asid ne ya cinye su.

Daga shugabar wata ƙungiyar mata masu man gyada, Madarunfa: An kawo mana takardar sakamako, kusan kowane layi an rubuta ND ko "<LOQ". Za mu iya rubuta wa kwalabenmu "babu maganin ƙwari"?

Inna, ku dakata tukuna. ND na nufin ba a gano ba, "<LOQ" kuma na nufin in ma akwai, bai kai mafi ƙanƙantar adadin da ɗakin yake iya aunawa da tabbaci ba. Ku dubi lambar da ke gaban LOQ. In 0.01 ce, gwajin mai kaifi ne. In 0.5 ce, mai zai iya ninka iyakar 0.01 sau arba'in a ce ba a gani ba. Ku kuma ƙirga sunayen da ke takardar. Ɗakin gwaji abin da aka sa shi nema kaɗai yake gani. Takardar da ta lissafa dangin DDT goma sha biyar ba ta ce komai ba game da dikulorbos ko kulorfirifos ko fermetirin, su kuwa su ne suka fi yawo a kasuwanninmu yau. Tsofaffin an daɗe da hana su: yarjejeniyar Stockholm ta 2001 ta taƙaita DDT, an ƙara lindan a 2009, andosulfan a 2011. Ana ci gaba da neman su ne saboda suna daɗewa cikin ƙasa, gyada kuwa cikin ƙasa take nuna.

Ƙwayar bom da ake jefawa cikin buhu iskar fosfin take saki, kuma hanyar QuEChERS ba ta ganin ta sam, tana da nata gwajin. Haka gilifosat da farakwat, masu kashe ciyawa, su ma hanyarsu daban, ko da yake su a ruwa suke narkewa, ba kasafai suke bin mai ba. In kuma wata lamba ta fito kusa da iyaka, ku sani irin wannan awo yana da rata. A Turai ana lissafa kashi 50 sama ko ƙasa kafin a yanke cewa kaya ya ƙetare doka. Abin da za ku iya rubutawa da gaskiya shi ne: an gwada kaya mai lamba kaza, ranar kaza, ga magunguna kaza, ba a samu sama da adadi kaza ba. Sakamakon na wannan kayan ne kaɗai, gyadar wata mai zuwa sai nata gwajin.

Daga wani magidanci, Tasawa: Suya ba ta kashe maganin? Kuma gwajin nan shi ne na aflatoksin da ake faɗa a rediyo?

Malam, suyar ƙosai ko wainar gida zafinta wajen digiri 170 zuwa 190 ne. Yana korar masu tashi irin su dikulorbos, amma dangin DDT da na sifermetirin suna jurewa sosai. Abin da ke cire kaso mai yawa shi ne tacewar masana'anta, musamman matakin cire wari, inda ake busa tururi cikin mai a digiri 220 zuwa 260 bayan an zuƙe iskar tukunyar. Man da aka matsa a gida ba ya bi ta nan, shi ya sa tsabtar gyadar tun daga rumbu ta fi muhimmanci a gare shi.

Aflatoksin kuwa guba ce da fumfuna ke fitarwa a gyadar da ba ta bushe ba ko ta sha danshi a ajiya, ba maganin ƙwari ba ce. Ana ciro ta da metanol da ruwa, a auna da kayan gwaji na ELISA ko da na'urar HPLC mai idon ƙyalli, kuma iyakar Codex ga gyadar da za a sarrafa ita ce maikurogiram 15 a kilo. Yawancinta a tunkuza take tsayawa, kaɗan ke bin gurɓin da ke cikin man da ba a tace ba. Wanda zai kai samfuri ya nemi gwajin biyu daban-daban, ya kuma haɗa da ƙuli-ƙulin da aka yi daga gyadar.